Waken Ya Falmata a Kan Kwalta

Duk wanda ya taɓa zama da Ba'ana na tsawon shan shayi kofi ɗaya ya san cewa ba a taɓa rubuta masa takardar tara ba. Ba sai ka tambaye shi ba. Ko zancen tsadar albasa ake yi, sai ya san yadda ya karkato da shi ya dire a kan lasisinsa. Tun yana saurayi yake jan babbar mota, daga Bama zuwa Maiduguri, zuwa Kano, har can kudu da lodin bandar kifi, kuma a faɗarsa babu mai kakin da ya taɓa ɗora biro a kan takarda saboda shi. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Direbobin unguwar Bolari a Gombe sun bincika har sun gaji, ba su samo inda ya ƙara gishiri ba.

Amma wanda ya san abin da mutumin ya baro a baya ba ya ganin laifinsa sosai. Lokacin da aka tashi Bama, motarsa ta ƙone a tasha, gidansa ma ya bi ta. Ya iso Gombe da matarsa Zara da 'ya'yansu, da rigar da ke jikinsa, da lasisin nan a aljihu. Ya ce Allah ya mayar da alheri kamar yadda kowa ya ce, sai dai ya riƙe wannan abu guda gam. Shi kaɗai ya rage masa na taƙama. Da shi ya samu aiki a wurin Alhaji Babayo mai gidan burodi a Bolari, aka ba shi wata 'yar ƙaramar mota da a da ko kallo ba ta ishe shi ba. Yana tuƙa ta da girman kai irin na mai tirela, yana ba da sigina ko da babu kowa a bayansa sai akuya.

Kullum da safe hanyarsa ta Kagarawal ce. A bana ne aka gama sabon titin unguwar, aka yi masa kwalta mai santsi, aka kuma gina wa masu tafiya a ƙafa dakali mai faɗi a kowane gefe. Masu tafiya a ƙafa dai ba su damu da shi ba, sun ci gaba da bin tsakiyar titi yadda suka saba. Matan unguwa ne suka gane amfaninsa. Da kaka ta yi, sai dakalin ya cika da shanya daga wannan kai zuwa wancan: masara, kuɓewa, gyaɗa, wake. Yawancinsu ɗaki ɗaya suke haya, tsakar gidan ko tabarma biyu ba ta ɗauka, to ina za su kai amfanin gona?

Ba a jima ba motar sanarwa ta hukumar kula da hanya ta zaga da lasifika, tana cewa duk wanda aka kama ya ɗora kaya ko mota a kan dakalin masu ƙafa zai gamu da hukunci. Matan Kagarawal masu jin magana ne. Washegari ba ka ganin ko ƙwayar masara a kan dakalin. Sun kwashe shanyarsu kaf, sun sauko da ita kan kwalta, tunda ba su ji an ambaci kwalta ba.

A cikinsu har da Ya Falmata, tsohuwar maƙwabciyar su Ba'ana tun a Bama, wadda ta san shi tun yana yawo ba wando. Mijinta bai fito daga garin ba. Ta yi shekaru a Gombe tana wankau da surfe a gidajen mutane, sai bana wani bawan Allah ya ara mata 'yar gona a bayan unguwa, ta shuka wake da hannunta. Wannan ne amfanin gona na farko da ta kira nata tun barin gida. Ta buge shi, ta sheƙe, ya fito fari tas, tana shanya shi kashi-kashi saboda ƙarancin wuri. Ba'ana yakan rage gudu in ya zo wurin, ya gaishe ta da yarensu, ya kauce ta ɗaya hannun ya wuce.

Ranar da abin ya faru, ya tarar wata tifa ta mutu a ɗaya hannun, daidai saitin waken. Tsakanin tifar da shanyar, babur ma sai ya yi dabara. Ya Falmata ba ta nan, ta koma gida ɗauko wani buhun. Masu keke Napep sun taru a bayansa suna ta danna oda. Ba'ana ya dubi waken, ya san in taya ta bi ta kansa rabi zai farfashe, rabi ya watse cikin kwata. Ya dubi dakalin, babu kowa a kai. Sai ya samu inda bakinsa ya yi ƙasa, ya hau a hankali, ya zagaye shanyar, ya sauka ba tare da burodi ɗaya ya motsa ba. Har a ransa ya yaba wa kansa.

Bai yi nisa ba wani matashin jami'i ya ɗaga masa hannu. Sunansa Misbahu, haka aka rubuta a ƙirjinsa. Ogansa na zaune cikin motarsu can nesa, shi ne ya hango motar burodi a kan dakali ya turo shi. Wayarsa na hannunsa, ya riga ya ɗauki hoto.

"Sori fa, Baba. Ka hau dakali. Dole in rubuta."

Ba'ana ya sauko da murmushin wanda zai koya wa yaro karatu. Ya gaya masa shekarun da ya yi a kan sitiyari, ya lissafa masa garuruwa, sannan ya nuna baya da babban yatsa ya tambaye shi ko bai ga abin da ke kan titin ba.

Misbahu bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Ni dakali aka turo ni in duba, Baba." Ya yage takardar ya miƙa masa, ya ƙara da cewa in bai yarda ba, kotun tafi-da-gidanka na zama a harabar ofishinsu ranar Alhamis.

Ba'ana ya karɓa da yatsu biyu. Ya raina yaron ƙwarai. A ganinsa wannan irin jami'an ne da aka ba su kaki aka manta ba a ba su ido ba.

Kafin azahar labari ya gama Bolari. Direbobin da suka sha cika bakinsa shekara da shekaru suka yi ta zuwa yi masa jaje, bakinsu har kunne. Alhaji Babayo ya kira shi ya ce kada ya damu, tarar ba wani abu ba ce, gidan burodi zai biya a wuce wurin. Ba'ana ya yi godiya ya ƙi. Ya ce biya amsa laifi ne, kuma ana biya sunansa ya shiga cikin masu laifi har abada. Shi bai yi laifi ba. Doka da kanta ta yarda direba ya kauce wa abin da ya tare hanya, wannan ya san shi tun kafin a haifi wanda ya rubuta takardar. Ranar Alhamis zai je, zai yi magana ɗaya, a yaga takardar a gabansa.

Ya yi ta maimaita jawabinsa a gida har Zara ta haddace. Zai fara da tarihinsa, ya kawo tifa, sannan ya ajiye wake a ƙarshe, don shi ne babbar hujja. Zara ta tambaye shi ko ya gaya wa Ya Falmata za a ambaci wakenta a kotu. Ya ce ina ruwan tsohuwa da maganar direbobi? Ya sa aka goge masa farar babbar rigarsa, ya fito da hularsa ta Bama wadda ba ya sawa sai Juma'a.

Kotun a ƙarƙashin wata rumfar kwano take zama. Tebur ɗaya, benci uku, sai mai shari'a, wata mace mai suna Rukayya, mai gilashi, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita tambaya. Ba'ana ya zauna a bencin gaba ya harɗe ƙafa. Ya kalli masu keke da masu babur ana kiran su ɗaya bayan ɗaya suna in-ina, ya tausaya musu, don ba su iya tsara magana ba.

Wanda aka kira kafin shi wani dattijo ne daga unguwar Madaki, kuma ba direba ba ne. Laifinsa shanya tattasai a kan kwalta. Ba'ana ya sauke ƙafarsa.

Aka nuna kayan shaida a bayan wata buɗaɗɗiyar mota. Jami'ai sun share tattasan da tsintsiya sun zuba a buhuna, da yashi da tsakuwa da komai. Ya kwana biyu a ɗaure bai gama bushewa ba, ya fara baƙi, wani buhun ya yage yana zuba ana takawa. Dattijon ya ce shi dakali ya ji an hana. Mai shari'a ta ce masa an hana dakali, kwalta kuwa tun asali a hane take, kuma ba don mugunta ba: a makon da ya wuce wani mai babur ya zame a kan shanyar masara ya karya ƙafa. Ta sassauta masa tara saboda tsufansa, ta ce a ba shi kayansa. Dattijon ya je ya buɗe buhu ɗaya, ya duba, ya mayar ya ɗaure. Bai nemi a taya shi ɗauka ba.

Ba'ana ya bi buhunan da kallo. Da safen nan ya wuce ta Kagarawal, ya ga Ya Falmata ta baza kashi na gaba, mafi yawa, tana zaune a gefe da sandarta tana korar awaki. Sai yanzu ya gane abin da Zara ta tambaye shi.

Aka kira sunansa. Ya miƙe ya gyara riga, ya fara yadda ya tsara, da muryarsa mai cika rumfa. Ya kawo Bama, ya kawo Kano, ya kawo bandar kifi. Mai shari'a ta bar shi ya ɗan yi nisa, sannan ta ce ta yarda shi tsohon direba ne, amma ya hau dakalin ko bai hau ba? Ya ce ya hau, sai dai babu kowa a kai. Ta ce dokar ba ta ce a hau in babu kowa ba. Ya ce tifa ta mutu a hanya. Ta karɓi wayar Misbahu ta duba hoton, ta juyo da shi ta nuna masa.

"Ga tifa a wancan hannun, Malam Ba'ana. Naka hannun fa? Me ya hana ka bin sa?"

Ba'ana ya matso ya dubi hoton. Ga motarsa a kan dakali, ga kan tifa daga gefe. Daidai inda waken ya kamata ya fara, nan hoton ya ƙare. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Wanda ya ɗauki hoton nan sai da ya karkata jikinsa, ya matsa gefe, kafin ya samu ya fitar da shanya mai faɗin tabarma huɗu daga ciki. Ya ɗaga kai ya dubi Misbahu. Yaron na tsaye ƙiƙam, idonsa a kan takalminsa. Ashe yana da ido. Kunya ta kama Ba'ana, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

Mai shari'a ta ajiye wayar. Ita ma 'yar garin ce, ta san abin da ake samu a kan titunan unguwa in kaka ta yi. Ta yi masa magana a fili, ba ta ɓoye komai ba.

"In akwai abin da ya tare maka hanya, ka faɗe shi, ka faɗi wurin. Zan soke takardar nan yanzu, sunanka ya fita. Jami'ai kuma za su je yau su kwashe abin da ke wurin, mai shi ya zo ya amsa. In babu, takarda ta tabbata."

Direbobi biyu daga Bolari da suka biyo shi don kallo suna bencin baya. Amsar tana bakin Ba'ana, kalma ɗaya ce, ya yi kwana uku yana wasa ta. Yana faɗa zai koma teburin mai shayi da labarin da ya fi duk na baya daɗi: ranar da aka rubuta shi, kotu ta yaga. Ya so hakan, ba kaɗan ba. Ya tuna daren da suka gudo daga Bama suka kwana a daji da lasisin a aljihunsa, yana taɓa shi yana jin cewa har yanzu shi wani ne. Sai kuma idonsa ya koma kan buhun tattasan da ke zuba a bayan mota.

Ƙarya dai ba zai yi ba. Ba zai tsaya gaban shari'a da furfurarsa ya ce babu komai a titin ba. Ya gyara tsayuwa, ya yi magana da muryar nan tasa, bai rage mata ko kaɗan ba.

"Ranki ya daɗe, na janye ƙorafina. Na hau dakali, da idona biyu, da hankalina. A rubuta."

Mai shari'a ta dube shi ta saman gilashi. "Ka san zai shiga cikin tarihin lasisinka?"

"Na fi kowa sani a nan wurin."

Sannan ta rubuta, ta ce Allah ya kiyaye gaba, a kira na gaba.

Ya biya da kuɗin aljihunsa, bai jira na Alhaji Babayo ba. A bakin ƙofa ya ci karo da Misbahu. Yaron ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Ba'ana ya tare shi, ya ce aikinsa ya yi, kuma ya iya ɗaukar hoto. Misbahu ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, ogansu ya sa a zaga Kagarawal ranar Asabar. Ba'ana ya ce ya ji.

Direbobin nan biyu sun riga shi isa Bolari, don haka bai tsaya wurin mai shayi ba. Abin ya yi masa ciwo, babu amfanin a ce bai yi ba. Ya wuce kai tsaye wurin Alhaji Babayo, ya roƙi aron dandamalin simintin da ke bayan gidan burodi, inda ake ajiye itace, na 'yan kwanaki. Alhaji ya tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce shanya. Alhaji ya dube shi da babbar riga da hular Juma'a, ya ga ba fuskar tambaya, ya ce ya ɗauka.

Da la'asar ya faka motar a Kagarawal, tayoyi huɗu a kan kwalta. Ya bi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu su kwashe kafin Asabar, kwalta ma a hane take. Wasu suka yi godiya, wasu suka ce to su shanya a kansu ne? Ya Falmata na can ƙarshe, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji abin da yake gaya musu ba. Amma labarin kotu ya riga ya iso mata, an faɗa mata da ƙarfi. Tun kafin ya gama gaisuwa ta nuna shi da sandar korar awaki.

"Ba'ana, ashe kai ne? Aka ce wani direba ya hau wurin da gwamnati ta hana, na ce ba dai namu ba. Mu da ba mu yi boko ba mun ji sanarwa mun sauka. Kai da ka ishe mu da ba a taɓa rubuta ka ba, me ya kai ka?"

Matan da ke kusa suka yi dariya. Ba'ana, wanda bai taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe a kansa ba, ya ji amsa ta taso masa har maƙogwaro. Ya dubi tsohuwar, ya ga yadda take zaune a gaban wakenta da ƙafafu a miƙe, kamar yadda take zama a ƙofar gidanta a Bama. In ta san saboda ita ne, ba za ta ƙara cin waken nan da daɗi ba. Sai ya tsuguna da farar rigarsa, ya ɗebi wake a tafin hannu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza.

"Bai gama bushewa ba, Ya Falmata. Nan awaki sun yi yawa. Na samo miki siminti a Bolari, mai katanga. Tashi mu kwashe."

Ta yi gardama yadda ta saba, ta ce Bolari da nisa, ta ce wa zai tsare mata. Ya ce shi zai kai ta ya dawo da ita kullum har ya bushe. Suka tattara waken tare, yana riƙe bakin buhu tana zubawa da ƙwarya, tana tsince ƙwayoyin da suka gangara har sai da ba ta bar ko ɗaya ba. Ya loda buhunan a inda burodi yake zama. Ya buɗe mata ƙofar gaba.

Ta sa ƙafa ɗaya, sai ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"In za ka ɗauke ni da wakena, to ka bi kwalta. Ban son a rubuta ni a tsufana."

"Kwalta zan bi, Ya Falmata," in ji Ba'ana.

Ya rufe mata ƙofa, ya zagaya ya shiga. Babu kowa a bayansa, amma sai da ya ba da sigina kafin ya hau hanya.